A Riƙa Gaya Mana Idan Gidan Rediyo Ya Sauya Hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka tsakura min fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ya dame mu, mu da abincinmu yake gidajen rediyo alhali ba ma'aikatansu ba ne. Sana'ata kai talla da sanarwa. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa ya ba ni tallarsa, mai makarantar kuɗi ya ba ni ta ɗaukar ɗalibai, in kai tasha, in karɓi kamashona. Na daɗe a cikinta, tun zamanin da mai talla a Kano ba shi da zaɓi sai Rediyon Kano ko na Kaduna.

Tun bayan ƙaramar salla ake ta raɗe-raɗin cewa ɗaya daga cikin tashoshin FM masu zaman kansu a garin nan ta sauya hannu. Ba zan kama suna ba, domin har yau babu wanda ya fito ya ce eh ko a'a, kuma wannan shirun ne ya sa na ɗauki biro. Wani ya ce maka ɗan siyasa ne ya saya, yana shirin zaɓe. Wani ya rantse kamfani ne daga Legas, za a mayar da ita ta kiɗa zalla da Turancin buroka. A teburin mai shayi har na ji mai cewa malamai ne suka haɗa kuɗi, daga yanzu sai wa'azi safe da yamma. Su kansu ma'aikatan idan ka tambaye su sai su ce su ma a gari suke ji. Abin da muka gani da ido dai shi ne an canza manaja, an ɗauke wani shirin hantsi da mata ke bugo waya an sa waƙoƙi a gurbinsa, mu kuma an ce mu daina karɓar kuɗin talla na wata uku a dunƙule, sai na mako-mako.

Akwai wani mai sayar da iri da maganin feshi da nake kai wa talla duk damina. Shi ba tashar yake saye ba, kunnen manomi yake saye, kuma ya san ƙarfe nawa manomi ke kunna rediyonsa. Bana ya riƙe kuɗinsa, ya ce sai ya ga ko shirin noman zai kai kaka. Ban ga laifinsa ba.

Na san za a ce dukiyar mutum ce, ya sayar wa wanda ya ga dama, ina ruwan mai sauraro? Ginin nasa ne, janareto nasa ne, turken eriya nasa ne. Mitar da yake magana a kai ba tasa ba ce. Kamar rumfar kasuwa take: kayan ciki naka ne, amma filin na hukuma ne, kuma da sharaɗi aka ba ka. Kafin 1992 babu mai rediyo a ƙasar nan sai gwamnati. Dokar soja mai lamba 38 ta wannan shekara, a mulkin Janar Babangida, ita ta kafa NBC, hukumar da ke ba gidajen rediyo da talabijin lasisi, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara a Legas a 1994, mu kuwa a Kano sai ƙarshen 2003 Freedom ta fara a kan mita 99.5. Dokar ta ce lasisi na shekara biyar ne sai an sabunta. Ta hana a bai wa jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini. Ta ce mafi yawan hannun jarin kamfanin ya kasance na 'yan Najeriya, kuma mai lasisi ba shi da ikon miƙa wa wani yadda ya ga dama. Wanda ya rubuta waɗannan sharuɗɗa ya san cewa waye mai tasha magana ce da ta shafi jama'a.

To ta yaya tasha ke sauya hannu? Lasisin da sunan kamfani yake, ba da sunan mutum ba. Mai saye ba ya cewa a ba shi lasisi, hannun jarin kamfanin yake saye. A takarda sunan kamfani yana nan, sunan tasha yana nan, taken buɗe tasha ma yana nan, amma wanda manaja ke tashi tsaye idan ya kira waya ya canza. Jam'iyya ba za ta riƙe lasisi ba, gaskiya ne, amma babu abin da ya hana jigonta riƙewa da sunan ƙaninsa ko surukinsa. Ko da hukumar ta san da cinikin, mu da ake yi wa magana a kunne ba a gaya mana.

Mu da muka manyanta mun taɓa ganin gidan rediyo ya sauya hannu, kuma ba ƙarami ba. Rediyon Kaduna gwamnatin Sardauna ce ta kafa shi a 1962, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Bayan an raba Arewa jihohi shida sai ya zama mallakar jihohin a haɗe. A 1977 gwamnatin tarayya ta karɓe ɓangaren talabijin ta sa shi ƙarƙashin hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1978 kuma rediyon ya shiga cikin hukumar rediyon tarayya, FRCN. Mutanen Arewa ba su ji daɗi ba, an yi ta ce-ce-ku-ce, ana tsoron kada a raunana Hausa ko a taɓa gajeren zangon da ke kai muryar Kaduna har Nijar da Kamaru da Gana. Amma an san wanda ya karɓa, an san dokar da ya karɓa da ita, don haka mai ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori suka ci gaba da zuwa. A zamanin soja ke nan fa, Malam Edita. Yau muna mulkin farar hula, a sayar da tasha sukutum sai dai ka ji a bakin direban manaja.

Dalilin sayarwar ba ɓoyayye ba ne ga wanda ke shiga ofishin talla. Tashoshin FM a Kano sun haura ashirin, masu ba da talla kuwa su ne dai na jiya. Na'urar watsa shiri ba ta san an ɗauke wuta ba, dole janareto ya tashi, kuma litar dizal da ba ta kai naira 400 ba a farkon 2022 ta wuce 700 kafin shekarar ta raba tsakiya, daga baya ta haura dubu. Tashoshi da dama sun rage awannin aiki a lokacin. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin kafafe 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6, har da manya irin su AIT da Silverbird, kafin ta janye. Idan manya suna cikin wannan hali, ina ga mai tasha ɗaya tilo da ma'aikata ke binsa albashi? Wanda ya ga mai saye ya sayar, ban zarge shi ba. Ɓoyewar ce ban yarda da ita ba.

Game da hasashen da ake yi kuwa, bari in faɗi nawa, tunda kowa na faɗar nasa. Maganar a koma kiɗa da Turanci ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Kuɗin rediyo a Kano a Hausa yake. Kamfanin da ya kawo Cool FM da Wazobia garin nan shi da kansa ya ƙara da Arewa Radio a kan 93.1, don ya ga inda kasuwar take. Maganar wa'azi zalla kuma doka ta riga ta yi mata shinge, sai dai a sayi fili kamar yadda ake yi da azumi lokacin tafsiri. Abin da na fi zato shi ne abin da ya riga ya ci rabin tashoshinmu ba tare da an sayar da ko ɗaya ba: daga bayan isha'i a miƙa wa sojojin baka, da rana a miƙa wa masu maganin basir da na sanyi, kowa ya biya kuɗin mintunansa ya faɗi son ransa. Ni ma a nan nake samun na cefane, ba zan yi musu ba, kamashon ɗan siyasa ya fi na mai sayar da iri kauri. Amma sabon mai tasha da ya zuba miliyoyi yana son su dawo da wuri, abin da zai fara yankewa shi ne shirin da ba shi da mai ɗaukar nauyi: na lafiyar mata da yara, na manoma, rahoton kotu, filin da talaka ke kiran waya ya ce unguwarsu wata biyu ba ruwa. Waɗannan su ke tafiya a hankali, ba sanarwa, sai wata rana ka murɗa ka ji waƙa. Haka masu sauraron sashen Hausa na Muryar Amurka suka wayi gari a watan Maris na 2025, suka kunna suka ji kiɗa, don mai gidan ya yanke shawara a can Washinton.

Idan kuma ɗan siyasa ne ya saya, ba haramun ba ne, amma a faɗa. Mutumin da ke sauraron labaran ƙarfe bakwai yana da haƙƙin sanin cewa mai tashar yana neman kujera, don ya san awon da zai yi wa abin da ya ji. A ƙauyukanmu har yanzu "rediyo ta faɗa" hujja ce da ake kashe gardama da ita.

Abin da nake nema a wurin NBC ba mai wuya ba ne. Duk lokacin da rinjayen hannun jarin wata tasha ya koma wani hannu, hukumar ta buga sanarwa, ta kuma wajabta wa tashar ta karanta a labaranta, da Hausa, na wasu kwanaki, a faɗi sunan sabon mai ita da irin shirye-shiryen da ya yi alkawari. Sanarwar ɗaurin aure ma sau uku muke biya a karanta. Kuma kafin hukumar ta amince da kowane ciniki ta tambayi makomar albashin da ma'aikata ke bi, domin an sha ganin sabon mai gida ya ce shi bai gaji bashin kowa ba, tsohon kuma ya kashe waya.

Ku ma 'yan jarida akwai aikinku a nan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a bayyana duk wanda ke da kashi 5 cikin ɗari ko fiye a kamfani, kuma tun 2023 Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ta buɗe rajistar masu irin wannan iko, kowa na iya dubawa ta intanet. Ka sa wakilinka ya ɗauki sunayen kamfanonin da ke riƙe da lasisin tashoshin Kano da Kaduna da Katsina, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya tuntuɓi NBC a kan waɗanda suka canza, ku buga mana a shafi guda.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai kai talla gidajen rediyo,
Fagge, Kano.