Rahoton kwamitin gyaran bolar bakin titi, Unguwar Jahun, Bauchi

Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, ga yadda ta kaya.

A da, katangar bolar ta kai ƙirjin babban mutum, ga lambatu a gabanta. Mai keken guragu sai dai ya tsaya daga nesa ya wurga leda. In ta faɗa ciki, to. In ta faɗa lambatu, a ce shi ke toshe magudana. Wasu sai sun jira yaron maƙwabta.

Mun sauke bulo layi 2 ta ɓangaren hanya, muka zuba silab da rodi a kan lambatun. A gangarar da keken guragu zai hau muka yi kuskure, kuma ba za mu ɓoye ba. Birkila da ido ya auna ta, ta fito kamar ta shigar da babur zaure. Ranar gwaji wani dattijo ya murza kekensa har tsakiya, keken ya fara komawa da baya, sai da samari biyu suka tare shi. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "'Ya'yana, da kun kira ni kafin ku kwaɓa siminti." Muka ce, "Baba, a yi mana afuwa." Aka fasa aka sake bisa ƙa'idar masana gini: duk tudun inci 1, gangara ta yi tsawon inci 12. Shi ne kuma ya nuna mana cewa keke mai taya uku da ake murzawa da hannu ya fi na asibiti tsawo, shi ya sa muka faɗaɗa saman don a samu wurin juyawa. Daɓen ba a goge shi sumul ba, tsintsiya aka ja a kai saboda santsin damina.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a. Kowa asibiti da banki yake tunawa, bola ba ta zuwa ran kowa, har mu.

Tunda katanga ta ragu, bolar za ta riƙa cika da wuri, don haka mun rubuta wa hukumar kare muhalli ta jiha, wato BASEPA, muna roƙon a ƙara yawan kwasa. Masu Keke Napep kuma, don Allah a daina ajiyewa a bakin gangarar. Littafin kuɗin da aka tara da rasit ɗin kaya suna wurin mai unguwa, mai son dubawa ya je bayan La'asar.