Godiya ga ofishin tafiye-tafiyen da ya kai mu Tanuma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai ofis da dukkan ma'aikatansa a nan Jidda. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, don 'yan'uwanmu Hausawa na Jidda da Makka su san irin riƙon amanar da kuka yi wa iyalina.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne gaskiyar da kuka faɗa tun kafin ku karɓi ko riyal ɗaya. Na zo da hoton shallal ɗin Dahna, wato magangarar ruwan da ke Tanuma, a waya, ruwa na kwarara fari fat, na ce nan yara ke son zuwa. Alhaji, kai da bakinka ka ce min magangarar ruwan yankin Asir, inda Tanuma take, ba kullum take gudu ba, sai an yi ruwan sama a kan duwatsun Sarawat, kuma wanda ya je lokacin rani sau da yawa busasshen dutse zai tarar. Ka ba ni shawara in jira ruwan Maris zuwa Mayu. Ciniki ne ka ɗage da hannunka, ga shi kuwa muna shirye mu biya a ranar.

Hanya ba sai na ja ta ba: muka hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'if, muka ratsa Baha da Namas, sannan Tanuma, ƙasar ƙabilar Banu Shihr, wadda ke kimanin kilomita 120 arewa da Abha. Direbanku ya san inda hazo ke rufe titi har ba ka ganin motar gabanka, ya san masallatan da ke da wurin alwala na mata. Ya hana yara miƙa wa birai abinci ta taga, ya ce suna fizge jaka. Tun a Jidda ya ce mu ɗauko rigunan sanyi, da muka sauka cikin itatuwan ar'ar kuwa sanyin ya tashi kamar na Jos a tsakiyar hunturu.

Amma ainihin dalilin wasiƙar nan shi ne abin da ya faru a bakin kwarin. Mun iso rana na haske, yara har sun cire takalma suna son gangarawa ƙasan ruwan. Direban ya dubi gajimaren da ya haɗu can saman dutse, ya duba saƙon gargaɗi na hukumar yanayi, ya kira ofis, sannan ya juyo ya ce min, "Baba, ka yi haƙuri, yau ba mai sauka." Yara suka ɓata rai, wasu daga cikin abokan tafiya ma suka yi magana, bai canja ba. Ya bayyana mana cewa ruwan da ke cin mutane a kwari ba a kansu yake sauka ba. A can sama yake zuba, ƙasar dutse ba ta shanye shi, sai ya taru ya biyo kwarin gaba ɗaya da duwatsu da itace, alhali kai ko ɗigo bai taɓa ka ba. Mu mutanen Jidda ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan ba. Wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009, wadda ta ci rayuka fiye da 100 a garin nan, ya san ruwa ba abokin wasa ba ne.

Washegari direban ya mai da mu wurin, kuma ba ku ƙara mana ko halala ba. Ruwan ya lafa, yana zubowa ta fuskar dutsen yana tashin feshi, ƙasa na ƙamshin damina. Mahaifiyata, wadda gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa, shi ya sauko mata da keke daga bayan mota, ya tura ta har inda feshin ke taɓa mayafinta. Ta daɗe tana tasbihi. Jikokinta da aka haifa a nan, waɗanda ba su san ruwa mai gudu ba sai na famfo, ranar suka ga ikon Allah da idonsu.

A dawowa ya tsaya da mu a Zi Ain, tsohon ƙauyen nan na gidajen dutse a ƙasan Baha, inda marmaro ke shayar da gonakin ayaba. Ya kuma kai mu wurin mai zumar magarya ta gaskiya, ya tsaya aka yi ciniki da mu kamar 'yan gida.

Roƙona ɗaya, Alhaji: ku riƙe wannan direba da kyau, ku kuma shirya tafiya ta musamman don tsofaffinmu, domin da yawansu sun shekara a ƙasar nan ba su taɓa wuce Ɗa'if ba. Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya kare motocinku, ya saka wa iyayenku da Aljanna.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Jidda