Godiya ga ofishin shirya tafiye-tafiye na Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum Alhaji, tare da dukkan ma'aikatanka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin 'yan uwana malaman makaranta da muka yi ritaya, domin mu gode muku a bainar jama'a kan tafiyar da kuka shirya mana zuwa Badagry ta jihar Legas, kusa da iyakar Seme. Yabon gwani ya zama dole.

Yawancinmu iyakar ruwan da muka sani shi ne madatsar Zobe ko ta Jibiya, shi ma daga bakin gaɓa muke kallo. Kun san da haka, kuma da shi kuka tsara komai. Da muka zo bakin ruwan da ake ƙetarawa zuwa tsibirin Gberefu, yaron da kuka haɗa mu da shi bai bari kowa ya taka jirgi ba sai da ya ɗaura masa rigar kariya da hannunsa. Ya hana masu jirgi su cika mu, ya raba mu kashi-kashi, ya kuma roƙi direban ya rage gudun inji. Wani dattijonmu ya ƙi shiga, ya ce shi ba kifi ba ne. Yaron nan bai yi masa dariya ba. Zama ya yi kusa da shi yana "Baba, a hankali, ina nan", har ya yarda aka ƙetarar da shi a jirgin ƙarshe. Wannan tarbiyya daga gida take, kuma ku kuka iya zaɓe.

A tsibirin muka taka da ƙafa ta hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa bakin tekun Atlantika, wurin da daga nan babu mai dawowa. Kafin nan an nuna mana benen da 'yan mishan suka kammala a 1845. Mun koyar da cinikin bayi shekara da shekaru a aji, amma sai ranar muka ga yashin da ƙafafunsu suka taka.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen masunta, mutanen Egun. Mun ga yadda suke jan taru da igiya, su da yawa a jere, mata kuma na jira da kwanuna su kai kifin wurin banda. Nan aka fasa mana ɗanyar kwakwa muka sha ruwanta, aka kawo soyayyen kifi da yaji da jatan lande. Ƙaguwa kam, wasunmu sun ce a kai kasuwa. Abin da ya burge ni shi ne yaronku ya riga ya tambayi da wane mai aka soya, aka kuma yi ciniki a gabanmu, babu wanda ya ci da gumin baƙo. Lokacin azahar ma ba sai mun tuna masa ba, mun tarar da buta da tabarma a inuwar bishiyoyin kwakwa.

Roƙonmu ɗaya: matanmu sun ji labari, sun ce ba za a sake tafiya a bar su ba. A duba mana lokacin rani mai zuwa.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci kasuwancinku, ya tsare direbobinku a hanya.

Naku,
Sakataren malaman da suka yi tafiyar,
Katsina.