Wasiƙa Kan Tsofaffin Taswirorin Kano

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Kumasi, dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne, a makon jiya wani dattijo da ya yi aikin safiyo ya shimfiɗa mini tsofaffin taswirorin Kano a kan tabarma, irin masu nuna tudu da kwari da hanyoyin ruwa, sai na tuna musun da muka sha yi game da yadda birnin nan ya bunƙasa.

Ya fara nuna mini zanen da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yi bayan zuwansa a 1851. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gidaje ba su cika ganuwa ba ko kusa. Sun taru ne daga gindin Dala zuwa Jakara da Kasuwar Kurmi har kudu, amma ɓangaren Goron Dutse fili ne da gonaki, domin magabata sun kewaye har da wurin noma saboda lokacin yaƙi. A taswirar shekarun 1960 kuwa, gari ya karkata gabas, inda layin dogo ya iso a 1911, ga Sabon Gari, ga Nassarawa, ga Bompai.

Inda na fi daɗewa shi ne kan kududdufai. Dattijon ya riƙa ɗora yatsa a kan ƙananan ɗigo masu launin shuɗi, takardar kuma duk ta yi ja don tsufa, yana bayyana mini cewa daga waɗannan ramuka aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen unguwa, saboda haka inda suka yi yawa, nan mutane suka daɗe da zama. Su ne kuma suke shanye ruwan damina. Na nemi wanda muke wucewa ta bakinsa in za mu makarantar allo, na same shi, amma yanzu an cike shi an yi shaguna, kuma layinmu ba ya rabuwa da ambaliya kowace shekara. Wallahi abin ya dame ni ƙwarai.

Na ɗauki hotunan taswirorin, zan aiko maka ka duba unguwarku. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini