Bakwaini: a kai uwa babban asibiti tun yana ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon shirinku na lafiya ya yi magana a kan zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini, don mu ba mu taɓa jin labarinsa ba sai da ya shigo mana gida.

Ƙanwata ta haihu a mako na 29 a wani ƙaramin asibitin unguwa. Yaron bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tafin ƙafarsa bai fi babban yatsana ba. Ba su da kwalbar jarirai, sai muka naɗe shi a zani muka shiga adaidaita sahu zuwa babban asibiti, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi har ƙirjina. Kwana biyu da kwantar da shi, likita ta ɗora na'urar hoto a maɗigarsa, ta nuna mana wani farin tabo. Jini ne.

Ta ce jaririn da bai kai mako 32 ba, akwai wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyin jini suke sirara kamar saƙar gizo-gizo. Ƙwaƙwalwar babba tana daidaita jinin da ke shigarta, ko ya hau ko ya sauka. Ta bakwaini ba ta ƙware ba tukuna. Sanyi, wahalar numfashi da jijjiga kan sa jinin ya yi ta hawa da sauka har jijiya ta fashe, yawanci cikin kwana ukun farko. Zubar jinin mataki huɗu ne. Namu na biyu ne, alhamdulillahi, don na uku da na huɗu su ne kan bar kumburin kai ko nakasa.

Abin da ke ci mini rai har yau: naƙuda ta fara tun asuba, ba ta haihu ba sai bayan la'asar. Duk wannan lokaci babu wanda ya ce mu tafi. Babu wanda ya yi mata allurar dexamethasone, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yi tsakanin mako 24 zuwa 34, ga ta tana ƙarfafa huhun jariri, tana kuma rage wannan zubar jinin. Cibiya ma nan take aka yanke, ba a jinkirta ko minti ɗayan da ake so ba.

Don Allah ku gayyato likitan jarirai da ungozoma, ko da a ranar bakwaini ta duniya ce, cikin watan Nuwamba. Ku kuma gaya wa 'yan barka su bar karɓar irin wannan jariri hannu zuwa hannu.

Yaronmu yana gida yanzu, a ƙirjin uwarsa. Duk mako ana auna kansa da tef.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Kano