Linzami Mai Tsanani Ba Ya Maganin Zumuɗin Doki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu horar da dawaki don tseren dogon zango, wanda doki kan ci kilomita 80, 120, har 160 a yini guda.

Abin da ya dame ni shi ne yadda wasu mahaya, da zarar sun ga dokinsu yana zumuɗi, yana cije linzami, yana neman wuce duk dokin da ya hango, sai su nemo linzami mai tsanani. Ni ma na taɓa yin haka, kuma abin da na samu shi ne doki mai ciwon baki wanda tsoro ya ƙaru a kan rawar kansa.

A wannan tsere likitocin dabbobi suna duba doki a ƙarshen kowane zango, kuma bisa ƙa'idar hukumar wasannin dawaki ta duniya, wato FEI, sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti kafin a bar shi ya ci gaba. Dokin da ya ƙarar da ƙarfinsa tun a farko wajen kokawa da mahayinsa zai iso jiƙe da gumi, zuciya na dukan uku-uku, ya ƙi ruwa, ya ƙi ciyawa, alhali gumin ya kwashe masa ruwa da gishirin jiki.

Natsuwa a wurin kilisa ake koyar da ita. A riƙa fita da shi tare da dawaki biyu ko uku, wani lokaci yana gaba, wani lokaci yana baya, sannan a sa abokan tafiya su wuce shi da sassarfa shi kuwa yana tafiya a hankali. Idan ya zabura, a karkatar da kansa da hannu ɗaya ya yi da'ira, da ya lafa kuma a saki linzamin nan take, domin daga wannan sakin yake gane abin da ake so. Aikin yakan ɗauki watanni, kuma mahayin da ya ƙagu, dokinsa yana jin haka a hannunsa da zamansa.

Kafin a zargi halinsa, a duba sirdi da haƙoransa, a kuma rage hatsi idan ya yi yawa. Ranar tsere kuwa, a bari ayari ya ɓace wa idonsa tukuna, sannan a tashi.

Naka,
Wani mahayi mai karanta jaridarku