Birkin keke a gangaren dutse: kira ga matasan Jos

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da samarin da ke sayen keken hawan dutse na gwanjo suna nufar duwatsun Shere da shi. Ni mai gyaran keke ne, kuma kusan duk wanda ya shigo rumfata taya da fenti yake tambaya, birki kuwa ko oho.

Doguwar gangara zafi take tara wa birki. Idan ka matse shi tun daga sama ba sassauci, faifan birkin, wato ƙarfen nan mai zagaye da ke tsakiyar taya, zai yi zafi har ya sauya launi, takalmin birkin da ke matse faifan ya yi santsi, hannun birkin ya yi laushi kana ja ba ya kamawa. Faifai mai faɗin milimita 160 ya isa yawon cikin gari, amma mai sauka daga dutse ya sa na 180 ko 203 a gaba, bayan ya tabbatar ƙafar gaban kekensa za ta ɗauka. Takalmi mai ƙarfe ya fi na roba jure zafi, ko da yake yana da ƙara, ni dai na gwammace ƙarar.

Sai batun mai. Birkin kamfanin Shimano mai aiki da mai, man ma'adini (mineral oil) yake sha, kada wani ya zuba masa man birkin mota, zai cinye robobin ciki. Na ga an yi haka, birkin ya tashi aiki gaba ɗaya.

A gangara kuma a riƙa dannawa ana saki, don faifan ya samu ya huce.

Naka,
Mai gyaran keke, Jos